Mun ba jami'a sunan Abdou Moumouni, mun bar littafinshi cikin ƙura



Tun da aka fitar da kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, akwai wata magana da ke yawo a majalisu da gidajen shayi. Wasu ƴan bokonmu na cewa: "Hausa dai a yi tatsuniya da ita, a yi wa'azi, a yi siyasa. Amma kalkil? Lissafi ba ya yiwuwa da Hausa. Duk wanda ya ce a koya ma yara lissafi da Hausa, so yake ya maida mu baya." Wasu iyaye ma sun ɗauki maganar, don wanda ya faɗe ta yana da takarda.

To, mu ba mu yarda ba, kuma yau za mu faɗi dalili. Ba za mu kawo shaida daga bakin wanda bai shiga lakwal ba, kada a ce hassada ce. Shaidarmu na farko mutum ne da ya fi duk masu wagga magana Faransanci, ya fi su lissafi nesa ba kusa ba, kuma a jiharmu aka haife shi.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi ƙaramar lakwal a Damagaram da Yamai, sannan aka kai shi makarantar William Ponty a Senegal, inda Turawan mulkin mallaka ke tace zaƙaƙuran ɗiyan Afirka ta Yamma. Daga nan ya shiga lise Van Vollenhoven a Dakar, ya wuce Paris, ya shiga ajin lissafi mai zurfi na lise Saint-Louis, ajin da ɗiyan Faransawa kansu ke shan wuya kafin su samu kujera cikinshi. A 1956 ya ci agiregasiyo, gasar da Faransa ke zaɓen manyan malamanta da ita, a fannin fizik. Shi ne na farko da ya yi haka a ƙasashen Afirka rainon Faransa. Kowa ya san fizik ba ta tafiya sai a kan dokin lissafi.

Mutum mai irin wagga takarda, a wancan zamani, in ya so ya zauna Paris ya ci daɗinshi, babu mai hana shi. Sai ya komo ya ɗauki alli. Ya karantar a Dakar. Da Gine ta ce "a'a" a ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958, Faransa ta kwashe malamanta da ma'aikatanta don ƙasar ta durƙushe, yana cikin malaman Afirka da suka tafi Konakiri don kada azuzuwa su rufe. Ya je Tarayyar Sobiyet ya zurfafa bincike kan ƙarfin rana. A 1964 ya sauka Bamako, ya karantar a babbar makarantar horon malamai, ya kafa ɗakin binciken hasken rana. A 1967 ya samu babban digirin dakta na ƙasar Faransa. A 1969 ya komo gida ya shugabanci ma'aikatar ONERSOL har 1985, inda aka riƙa ƙera tukwanen dafuwa da na zafafa ruwa da rana, tun duniya ba ta fara surutun sola ba. A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai. Allah ya yi mishi rasuwa ranar 7 ga Afrilu 1991, a 1992 aka sa ma jami'ar sunanshi. Allah ya jiƙan shi.

Wannan tarihi ana karanta shi a bukukuwa, a tafa, a watse. Abin da ba a son karantawa shi ne littafin da ya fitar a Paris a 1964, L'Éducation en Afrique, wato Ilimi a Afirka, wanda aka maida Ingilishi a 1968. A ciki ya fara da tarbiyyar gargajiya: yadda gari duka ke renon yaro, yadda koyo ke haɗe da aikin hannu da zaman yau da kullum, yadda ake ɗora ma yaro kaya daidai wuyanshi. Bai ɓoye gazawarta ba. Sannan ya feɗe lakwal ɗin mulkin mallaka, ya nuna an gina ta ne don a samu ƴan tsirarun akawu da tafinta da masu taimakon Bature, an kuma yi amfani da Faransanci a matsayin rariya. Daga nan ya kawo shawara: a karantar da yara da manya cikin harsunan Afirka, a yaƙi jahilci gaba ɗaya, a haɗa makaranta da noma da sana'a, a ba kimiyya da fasaha babban wuri. Bai ce a jefar da Faransanci ba. Cewa ya yi a daina maida shi ƙofa ɗaya tak da ilimi ke shigowa ta cikinta.

Ku duba fa. Wanda ya ci Faransawa gasa a gidansu, da harshensu, shi ne ke cewa wagga hanya tana kashe mana yara. Kai kuma da ka tsaya a birbe ko bak, kake cewa ba ta yiwuwa. Wa za mu saurara?

Mu ajiye Paris, mu shiga kasuwarmu. A ƙasar nan ba mu ƙirga kuɗi da tamma, da dala muke ƙirgawa. Abin da mushe ke kira saɗ faran, ɗari a rubuce, mu dala ashirin muke ce mishi. Ɗari biyar a rubuce, dala ɗari. Dubu, jikka, dala ɗari biyu. Ke nan duk yaron da aka taɓa aike shago yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar kullum safe da yamma, ba tare da an ce mishi lissafi yake ba. A ce tiyar hatsi dala ɗari da ashirin ce, wani ya ce a auna mishi tiya bakwai. Yarinyar da ke taya uwarta awo ba ta neman alƙalami. Za ta ce tiya biyar jikka uku, tiya biyu jikka da dala arba'in, duka jikka huɗu da dala arba'in. Ku lissafa da kanku: sefa 4,200, ba ƙari ba ragi. Abin da ta yi, ta fasa bakwai ta zama biyar da biyu, ta ninka kowane, ta haɗa. Wagga ƙa'ida ce da ake rubutawa a tabulo a kwaleji da baƙaƙe da baka biyu, yara na zare ido. Ita ta riga ta iya ta. Ku je Ɗan Isa ku ga samari ƴan canji suna juya naira zuwa sefa, farashi na sauyawa tsakanin hantsi da la'asar, ba sa ɓata.

Yarinyar nan ita ce za ta shiga aji a ba ta sifiri a kalkil, a rubuta a takardarta ba ta da ƙoƙari. Mi ya faru tsakanin kasuwa da aji? Kanta bai canza ba. An dai ɗora mata kaya biyu a lokaci guda: ta gane tambaya cikin harshen da ba ta ji, sannan ta warware ta. Kuma wane harshe? Harshen da in zai ce casa'in da bakwai sai ya ce huɗu sau ashirin da goma da bakwai. Yaro ɗan shekara bakwai yana kokawa da sunan lambar, lokaci ya ƙare bai taɓa lissafin ba. Mu da muka bi ta lakwal ɗin Faransanci mun san sambol, abin wuyan kunya da ake rataya ma wanda ya kuskura ya yi Hausa a farfajiya. Mun haddace jadawalin ninkawa kamar waƙa, da bulala a kai. Waɗanda suka tsira su ne yau ke cewa tsarin yana da kyau. A tambayi sauran, waɗanda muka fara aji ɗaya da su mu sittin ko saba'in, aka wayi gari a lise ba mu cika hannu ba. Su ba su da makirfo, shi ya sa ba a jin ta bakinsu.

Wannan ba a Madarunfa kaɗai aka gan shi ba. A birnin Recife na Birazil, wasu masu bincike uku sun bi yara masu talla, suka wallafa sakamakon a 1985. Suka yi ciniki da su a bakin titi, yaran suka ci kusan duk lissafin. Suka rubuta musu lissafin nan dai a takarda irin ta aji, ko rabi ba su ci ba. A can Birazil ne kuma aka yi Farfesa Ubiratan D'Ambrosio, wanda aka haifa a 1932 ya rasu a 2021, mutumin da ya kwashe rayuwarshi kan tambayar mene ne lissafi, kuma yaya ya kamata a koyar da shi. A farkon shekarun 1970 ya riƙa zuwa Bamako yana horar da ɗalibai ƙarƙashin wani shiri na UNESCO, garin da Abdou Moumouni bai daɗe da bari ba. A 1984, a babban taron malaman lissafi na duniya a Adelaide ta Ostareliya, ya tsaya ya ce kowace al'umma tana da hanyarta ta ƙirga, da awo, da kwatanta, da tsara abubuwa, kuma makarantar da ta take wagga hanya tana mayar da yaro mai iyawa ya zama marar iyawa. A 2005 aka ba shi lambar Felix Klein, ɗaya daga cikin mafi girma a fannin koyar da lissafi. Falsafar ba ta da wuya. Biyu da biyu huɗu ne a Tokyo, huɗu ne a Gabi. Amma hanyar da amsar ke bi ta shiga kan yaro, ta harshen da yake tunani da shi take bi.

Masu cewa sai da Bature lissafi ya shigo ƙasar nan, su zo mu tuna musu da wani kakanmu. Maraɗi Katsinawa suka kafa ta a farkon ƙarni na 19, har gobe Sarkin Katsina muke ce ma sarkinmu. To a wannan Katsina aka yi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya yi karatu a ƙasashen nan namu, ya tafi aikin hajji, a 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, babban malamin Misira da ya ɗauki wannan ilimi a wurinshi. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, sanannen marubucin tarihi, ya sa shi cikin littafinshi. Mun san abin da wasu ke yi da hatimi, kuma hukuncin wannan na malamai ne. Mu ƙashin lissafin muke nuna muku. Ku jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. A kwance 15, a tsaye 15, a karkace 15. Mai gida biyar-biyar, daga 1 zuwa 25, kowane layi 65 yake bayarwa. Bakatsine ya rubuta ƙa'idojin gina irin wannan fiye da shekara 150 kafin sojan Faransa na farko ya taka ƙasar Maraɗi. Wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta ba da labarinshi a littafinta na 1973 kan ƙirgar Afirka. Yaro nawa a kwalejojin Madarunfa ya taɓa jin sunanshi?

Kuma ba sai mun je Alƙahira ba. Malamin zaure da ke rabon gado yana aiki da rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni, yana neman asalin da duk za su fita cikinshi ba tare da an cuci maraya ba. Wannan shi ne lissafin ɓangarori da ke kayar da yara a aji biyar da aji shida. Manomin da ya fidda dami ɗaya cikin goma na zakkar damina, ɗan Jiratawa da ya san noman ban-ruwa mai wahala ɗaya cikin ashirin ne, kashi cikin ɗari suke yi. Shi kanshi littafin al-Khawarizmi na Bagadaza, wanda aljabara ta samo suna daga gare shi, babban kashinshi a kan wasiyya da gado yake.

Yanzu mu amsa hujjojin ɗaya ɓangaren, don ba duka ba ne na banza.

Sun ce Hausa ba ta da kalmomi. Muna da tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, saura, kusurwa, da'ira, murabba'i, sifiri. Inda babu, a ara ko a ƙera, kamar yadda kowa ya yi. Su Faransawan, kalmominsu na sifiri, da lamba, da aljabara, duk daga Larabci suka samo asali. Ba su ji kunya ba. Mu da muka ari mota, da rediyo, da intanet, muka hora su suka zauna a bakinmu, sai a kan lissafi ne aro zai zama abin kunya?

Sun ce jarabawa da jami'a da Faransanci ake yi, yaron da ya fara da Hausa zai makara. Ga amsa daga ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu Faransanci kanta. A awon da shirinta na PASEC ya yi a ƙasashe goma a 2014, a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma bai kai matakin da ake bukata ba a lissafi a ƙarshen firamare. Mu ne a ƙarshen layi, da Faransancinmu tun daga ajin farko. Burundi, wadda talaucinta bai fi namu sauƙi ba, wadda ke fara karantar da yara da harshen Kirundi, ita ce a sahun gaba a lissafi. A awon 2019 mun ɗan ɗaga, amma har lokacin mafi yawan yaranmu suna ƙasa da layi. Wane makara ya wuce a shekara shida a aji a fito ba a iya rabawa ba? Abin da ake nema shi ne yaro ya kafa ƙafa da harshenshi, ana koya mishi Faransanci a matsayin darasi tun da wuri, a hankali a miƙa shi. Wanda ya gane rabawa da Hausa, suna kawai zai sake koyo.

Sun ce lissafin kasuwa ba ya gina gada, ba ya haɗa sola. Gaskiya ne, kuma shi ya sa muke son lakwal. Yarinyar awo tana bukatar ta koyi rubuta abin da ta iya, ta san dalilin da ya sa yake fita daidai, ta hau zuwa abin da ba a yi da ka. Kasuwa ita ce matakala ta farko. Mu dai mun ƙi a sare matakalar sannan a zagi yaro don bai hau soro ba.

Sun ce Nijar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Wannan ma gaskiya ce, kuma mu riƙe ta da kyau. Ɗan Fulanin da ke rugga a gefen Baban Rafi haƙƙinshi ne ya fara da Fulatanci, ɗan Buzu da Tamajak, ɗan Zabarma da Zabarmanci. Shi Abdou Moumouni, ko da a Tasawa aka haife shi, gidansu na Kirtashi ne a bakin Kwara. Harsunan Afirka ya yi ma faɗa, ba harshe guda ba.

Hujja ta ƙarshe ita ce mai zafi, kuma iyaye ne ke faɗinta: manya za su bar ma ɗiyan talakawa Hausa, su kai nasu makarantun kuɗi. Wannan tsoro yana da tushe. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Yaran da aka fara gwajin da su yau suna da jikoki, amma har yanzu ana cewa gwaji. Dalili shi ne ana yin abin da rabin zuciya: a aiko malami ɗan kwantiragi da bai taɓa koyon rubutun Hausa mai ƙa'ida ba, ba littafi, aji na zana, albashi na jinkiri, in abu ya lalace a ce laifin Hausa ne. In an ba jaki kaya ba akumari, kada a ce hanya ce ba ta da kyau. Maganin wagga cuta shi ne a yi aikin da gaske har mai kuɗi ya yi sha'awar kawo nashi ɗa.

Don haka ga kukanmu, kuma mun san inda muke kai shi. Ma'aikatar ilimi ta sa horon koyar da lissafi da harshen gida ya zama dole a makarantun horon malamai, ta kuma buga littattafai su iso ƙauye kafin a buɗe aji. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maraɗi, mai sashen kimiyya, ta zaunar da malaman lissafi da masana harshe da malaman rabon gado da ƴan kasuwa, su fitar da ƙamus ɗaya na lissafi, su tuntuɓi takwarorinsu na Katsina, Kano da Zariya don kada iyaka ta raba mana kalma. Jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni ta fassara littafinshi da Hausa da sauran harsunanmu. Abin kunya ne a ce Bature ya karanta shi da Ingilishi tun 1968, mutanen Tasawa ba su ji shi da harshensu ba. In an fassara, gidajen rediyon karkara a shirye suke su karanta shi babi-babi.

Ku kuma malamai, musamman na ƙananan azuzuwa, mun san wahalarku, kuma mun san da yawanku kuna saci jiki ku yi bayani da Hausa in sufeto ba ya kusa. Ku daina ɓoyewa. Ku shigo da dala da tiya da dami cikin aji, ku sa yara su gina hatimin 15, ku faɗa musu sunan wanda ya rubuta ƙa'idarshi.

Iyaye, in an kira taron kwamitin lakwal ku je. In ɗanku ya kawo sifiri a kalkil, kafin ku ɗauki tsumagiya ku tambaye shi lissafin nan da Hausa, da kuɗin da ya sani. In ya amsa daidai, kun san ba kanshi ne ke da matsala ba, sai ku tafi lakwal ku tambayi dalili.

Allah ya yi ma ɗiyanmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.